Duk Sun Shanye Romon

Litinin, 2 ga Disamba, da yamma bayan mun sauke labulen ƙofa mun rufe shago

Da rana tsaka muka dawo daga asibiti. Muna shigowa shagon taliyarmu mijina Genzo ya ɗaura ƙyallensa a goshi ya kunna wuta ƙarƙashin tukunya, sai ka ce kasuwa muka je. Likita ya ce kada a bari watan nan ya ƙare ba a yi masa aiki ba. Sau biyu ya faɗa, na biyun ni yake kallo. Ba zan rubuta sunan abin ba. Yana gefen harshensa na hagu, iyakar abin da zan ce ke nan.

Na ce, "Baban Miho, yaushe za mu koma?"

Ya ce, "Kin ji dai abin da suka ce. In sun yanka, ba ni ba ɗanɗano."

"In ba su yanka ba fa?"

"Toki, ranar da kwano ya dawo mini da romo a ciki, ranar zan sauke labulen nan da hannuna in kai musu bakina. Kafin nan harshena yana aiki, kada wanda ya dame ni."

Na san mijina. Ko dutsen bakin kogi bai kai shi taurin kai ba, kuma abin da ya faɗa ya faɗa.

Laraba, 4 ga Disamba, da safe kafin mu buɗe

Ya fita karɓo taliya, sai na ɗauki ɗan farantinsa na ɗanɗano. Shekara arba'in da ɗoriya bai taɓa bari na taɓa farantin nan ba. Na zuba romo kaɗan na kurɓa. Ruwan teku. Sai da na tofar.

Da a Tokyo muke da abin ya zo da sauƙi, can awo suke yi, su zuba shoyu, ruwan waken soya mai gishiri, cokali kaza a kowane kwano su ɗora romo a kai, ko makaho ya iya. Mu a Takayama tukunya ɗaya ce. Ƙashin kaza, busasshen kifi da shoyu duk tare suke kan wuta tun safe, ruwa yana ƙonewa, gishiri yana hawa. Mai girki ya ɗanɗana ya ƙara ruwa, ya ɗanɗana ya ƙara ruwa, har a tashi. Ba mu da ma'auni sai harshe. Shi kuwa tun kaka yake shafa wannan maganin da ke kashe masa zafi, yana kashe sauran abin tare da zafin. Bakinsa yana ce masa romo ya yi lami, sai ya ƙara shoyu.

Na wanke farantin na mayar daidai inda yake.

Alhamis, 5 ga Disamba, da yamma

Baƙi sun cika kujeru tun buɗewa. Duk sun shanye.

Asabar, 7 ga Disamba, da yamma

Yau wasu dogayen Turawa biyu, miji da mata, sun shigo hancinsu jawur don sanyi. Mijin ya yi magana cikin wayarsa, wayar ta faɗa mini da yarenmu: wai tun safe suke yawo a tsohuwar unguwa suna neman inda za su ci taliya, shago uku sun ce musu babu wuri alhali ga kujeru nan a fili. Wai sun gode da muka karɓe su. Matar har da dafa ƙirji.

Da ma sun san wa suke yi wa godiya. Bara warhaka Genzo ne kan gaba wajen korar irinsu. Da ya hango jakar goyo a ƙofa sai ya gicciye hannuwa alamar ba shiga, ya ce ba su san cin taliya ba, hoto suka sani. Ni ce na canja wannan. A watan Oktoba, da maƙwabta suka fara janye jiki kujeru suka koma wayam, na ga yana tsayawa yana kallon ƙofa, zuciyata ta kasa ɗauka. Na kira 'yarmu Mihoko a Nagoya na ce ta sa mu cikin wuraren nan da baƙi ke dubawa a waya, masu maraba da 'yan ƙasar waje. Ta yi mana kati da Turanci mai hotuna. Ni da bakina na ce ta ƙara layi ɗaya a ƙasa: a gidan nan, shanye romo shi ne godiya ga mai girki. Na yi ne don ya ji daɗi.

Turawan nan sun karanta katin. Na ga matar ta kurɓa ta runtse ido, ta kalli mijinta, ta kalli Genzo, sannan ta ɗaga kwano da hannu biyu ta kafa kai. Sun sha ruwa buta guda bayan nan. Genzo ya leƙa kwanukan ya ce, "Kin gani? Har 'yan ƙetare sun san abu mai kyau."

Lahadi, 8 ga Disamba, da hantsi

Na wanke tawul ɗinsa da ruwan sanyi kafin ya farka. Da ruwan sanyi irin wannan tabon ke fita.

Talata, 10 ga Disamba, da yamma

Na cire katin na jefa a murhu. Banza. Mihoko ta ce maganar ta riga ta bazu, baƙin suna rubuta wa junansu: shagon tsoho mai ƙyalle a goshi, ba ya korar kowa, amma ku shanye romon, yana kallo. Wani ma wai ya rubuta cewa haka ainihin ɗanɗanon mutanen tsauni yake, gishiri saboda sanyi. Ji shirme! Mutanen tsauni ba su da ƙoda ne?

Duk sun shanye.

Alhamis, 12 ga Disamba, da rana

Fusae mai sayar da miso, daddawar waken soya, ta hango ni ta tsallaka titi, wai tana duba wani abu a tagar shagon takalma. Matar da ke cin taliyarmu duk Alhamis tun tana goyon ɗanta na fari. Ban ga laifinta ba. Ta san in ta zo ba za ta iya shanyewa ba, in ta rage kuma ta ci fuskar Genzo. Sai ta zaɓi kada ta zo. Haka duk suka yi, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce komai. Wannan kara tamu ta mutanen unguwa, da ake yabo, ita ce za ta kashe mini miji.

Juma'a, 13 ga Disamba, da yamma

Mun yi faɗa. Ya shiga bayi, na yi wuf na juye ruwan zafi ludayi uku a tukunya. Yana dawowa ko ɗanɗanawa bai yi ba, ido kawai ya kai. Ya san inda romo yake tsayawa a jikin tukunyar nan a kowane lokaci na yini.

"Wa ya taɓa mini tukunya?"

"Mu nawa ne a shagon?"

"Ke kin zama mai girki yanzu? To ga ludayi, ga ƙyalle, ɗaura!"

"Na ga ya yi ƙasa ne."

"Ya yi ƙasa! Tun kafin ki iya riƙe tsinken cin abinci nake kan tukunyar nan."

Ya ɗauko shoyu ya maida abin da na rage, har da ƙari. A nan ya kamata in faɗa masa. Kalmar tana bakina. Sai na ga yadda ya dafe muƙamuƙi bayan ya yi tsawar, ya juya baya don kada in gani, sai na haɗiye. Maganarsa ta fara nauyi, kamar mai tauna tuwon shinkafa da zafi. Baƙin da ke zaune sun ɗauka wasa muke, ɗaya har ya ɗauke mu hoto.

Lahadi, 15 ga Disamba, da safe

Dusar ƙanƙara ta sauka. Ya share ƙofar shago rabi ya zauna a kan bokiti. Ni na ƙarasa.

Talata, 17 ga Disamba, da yamma

An bugo daga asibiti. Na ce muna shawara. Matar ta ce akwai gado ranar Juma'a, bayan nan sai an shiga sabuwar shekara. Na faɗa wa Genzo. Ya nuna mini layin da ke waje da ludayi, bai ko juyo ba.

Akwai wata yarinya mai ɗankwali a cikinsu, daga Malesiya ta ce. Ta nuna mini rubutu a waya, ba ta cin naman alade. Na ce romonmu kaza ne da kifi, naman a kai ake ɗorawa. Da can Genzo zai ce wanda ba ya cin abin da aka dafa ya tafi gidansu. Yau da kansa ya sa mata tsiron gora a madadin naman, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ce kwana biyu tana cin burodi a ɗakin masauki don ba ta sami inda za a saurare ta ba. Ta shanye tas, idonta yana ruwa, tana ta sunkuyar da kai. Na so in riƙe hannunta in ce, 'yata, don Allah ki rage. Da wane yare?

Alhamis, 19 ga Disamba, da rana

Mihoko ta bugo.

"Mama, ki faɗa masa mana kai tsaye. Ki ce Baba, romonka ya lalace."

"Ke ki faɗa, ga shi nan kusa."

"Ni? Ai ba zai sake yi mini magana ba."

"Au, ni ce zai sake yi wa?"

Sai ta fara kuka, wai ita ta sa mu a waya, laifinta ne. Na ce ta yi mini shiru, kukan mutum ɗaya ya ishi gidan nan. Ba laifinta ba ne. Ni ce garin neman gira nake shirin rasa ido.

Juma'a, 20 ga Disamba

Gadon ya wuce.

Lahadi, 22 ga Disamba, da hantsi

Na je wurin Kuniyasu mai sassaƙa. Tare suka yi makaranta da Genzo, shi kaɗai ne a duniya yake zaginsa ya kwana lafiya. Rabonsa da shagonmu tun ganye bai gama zuba ba. Na same shi cikin ɓawon katako yana fere wata mujiya.

"A'a, uwargida! Ina tsohon jakin naki?"

"Yana nan yana tambayarka."

"Likita ne ya hana ni gishiri."

"Kuni, kai da kake cin tsamin kabeji da cokali? Yi wa wani wannan ƙaryar."

Ya ajiye wuƙa. Na faɗa masa duka, har abin da ban rubuta a nan ba. Na faɗa masa maganar kwano. Na ce daren ƙarshen shekara ai dole ku zo, ba wanda ke tsallaka shekara a unguwar nan bai ci taliyar Genzo ba. Ka zo, ka kurɓa sau ɗaya, ka ture kwanon. Shi ke nan abin da nake roƙo.

Ya daɗe yana kallon mujiyarsa. Ya ce, "Uwargida, ki ce in mare shi a tsakiyar kasuwa, wannan zan iya."

"Mari ba zai kai shi asibiti ba."

"A gaban mutane fa kike cewa."

"A gaban mutane. In ba haka ba zai ce cikinka ne ba daidai ba."

Ya ce to. Ya faɗa a hankali, amma ya faɗa. Na fito ina jin kamar na yi cinikin wuƙar da za a soka wa mijina, kuma ina murna da na samu.

Talata, 24 ga Disamba, da yamma

Ba ya iya cin shinkafa yanzu, sai kunu, shi ma sai ya huce. Na huda masa sabon rami a bel.

Duk sun shanye.

Alhamis, 26 ga Disamba, da yamma

Na tsani baƙin nan. Na rubuta, kuma na san ba gaskiya ba ne. Mutane ne masu kirki da suka sha yawo cikin sanyi ana rufe musu ƙofa, suka sami wadda ta buɗe, suna son su nuna sun san arziki. Amma duk sanda na ga gindin kwano fari tas sai in ji kamar in fasa shi a ƙasa.

Asabar, 28 ga Disamba, da safe

Ya rataya igiyar sabuwar shekara a saman ƙofa, kamar yadda al'ada take. Ni na riƙe masa tsani. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Litinin, 30 ga Disamba, da yamma

Ya sa na rubuta takarda na manna a ƙofa: gobe na 'yan unguwa ne kaɗai. Yana ta walwala. Ya ce, "Gobe za ki ga masu harshe na gaske." Ya sayo kaji fiye da na kullum. Mihoko ba za ta zo ba, surukarta ba lafiya. Gara haka.

Laraba, 1 ga Janairu, da hantsi

Zan rubuta yadda ya faru, daga nan ba zan sake komawa kansa ba.

Sun zo. Tun faɗuwar rana suka fara shigowa suna karkaɗe ƙanƙara daga kafaɗa, Fusae da ɗanta, mai shagon takalma, mai wanzanci da matarsa, duk waɗanda suka yi wata biyu suna tsallaka titi. Kowa da gaisuwarsa, "Maigida, mun gode da ɗawainiyar bana." Ba wanda ya ce ya rame. Genzo yana ta zuba taliya, fuskarsa kamar ta yaro ranar biki.

Na tsaya ina kallo. Fusae ta kurɓa, wuyanta ya motsa, ta ɗaga kwano ta shanye. Mai wanzanci ya shanye ya ce, "Kai, shekara ta yi kyau!" Ɗaya bayan ɗaya. Ashe sun yi shawara a tsakaninsu, ɗan Fusae ne ya raɗa mini wajen biya: sun ji labari, sun ce wataƙila wannan ne na ƙarshe, kada kowa ya bar ko ɗigo.

Kuniyasu ne ya zo a ƙarshe. Ya zauna a kujerarsa ta kusa da tukunya.

Genzo ya ce, "Ka ga dama? Na ɗauka ka mutu ba a gaya mini ba."

"Ina zan mutu in bar ka kana cutar mutane da wannan ruwan wanki?"

Aka yi dariya. Ya ci taliyar. Ya kurɓi romo sau ɗaya ya ajiye kwanon. Ya sa yatsu biyu a gefensa, na ga ya fara turawa. Genzo yana tsaye a kansa da ludayi a hannu, yana murmushi da rabin bakin da ke motsi. Kuni ya ɗaga ido ya kalle shi. Sai ya jawo kwanon ya kafa kai. Ya shanye, hawaye yana zuba cikin kwanon, ya ce barkono ne. Ba ma sa barkono. Da zai fita bai yarda mun haɗa ido ba.

Suka watse. Ƙararrawar haikali ta fara bugawa. Kamar kowace shekara, Genzo ya goge kantar shago, ya dafa kwano na ƙarshe, nawa. Tun shekarar aurenmu haka yake yi: in zauna a kujerar baƙi, shi ya tsaya a wurinsa, ya miƙo mini ya ce, "Sannu da aiki, Toki." Sau ɗaya ke nan a shekara yake faɗin haka. Ban taɓa rage ko ɗigo ba, har shekarar da nake da cikin Miho ina amai.

Ya miƙo. Ya faɗa, da kyar kalmomin suka fito.

Na ɗauki kwanon da hannu biyu na kurɓa. Na ajiye. Na jera tsinkayen a kai. Na tura masa shi har gabansa, a cike.

Bai kalle ni ba, kwanon yake kallo. Can ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kaka."

"Su Kuni fa?"

"Sun sani."

"Baƙin?"

"Ni na sa aka rubuta musu su shanye."

Ya gyaɗa kai. Ya kwance ƙyallen goshinsa ya ninke. Ya fita cikin ƙanƙara ba ko riga mai nauyi, ya sauke labule, ya shigo da shi ya jingine a bayan ƙofa. Sannan ya kashe wuta ya hau sama. Na zauna a wurin har ƙararrawar ta yi shiru.

Juma'a, 3 ga Janairu, da rana

Bai yi mini magana ba. Ya haɗa jakarsa da kansa. Jiya ya juye tukunya a kwata, ya wanke ta, ya kife.

Baƙi suna ta zuwa. Su tsaya a ƙofa, su duba waya, su duba ƙofa, su leƙa ta gilashi. Wasu sun ƙwanƙwasa. Na fita na gicciye musu hannuwa yadda yake yi da.

Litinin, 6 ga Janairu, da yamma

Sun karɓe shi. Likita ya duba bakin ya daɗe, ya taɓa wuyansa gefe da gefe, abin da bai yi ba wancan karon. Ya ce, "Da a ce..." sai ya fasa. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu. Bai kalle ni ba wannan karon.

Da zan tafi Genzo ya kama hannun rigata. Ya nemi takarda, don maganar tana yi masa wuya. Ya rubuta: Da yawa ne gishirin? Na ce e, da yawa. Ya rubuta: Da kin faɗa. Ya saki rigar.

Na dawo ni kaɗai. Kwanon yana nan kan kanta inda na tura shi. Ban wanke ba, shi ma bai taɓa ba. Shagon ba wuta, romon ya daskare.